Zambon da Na Yi wa Ya Falmata

Wata Alhamis ce da hantsi, cikin daminar da na cika shekara tara, tun Turawa ba su tafi ba. Ina durƙushe gaban dutsen niƙa a tsakar gidanmu na unguwar Zaitawa, ina niƙa gero ina waƙa, matan gida suna tsintar shinkafa a rumfa. Ya Falmata, aminiyar kakata, tsohuwa 'yar asalin Barno mai yi mana kitso, tana zaune a tabarma da kan ƙanwata tsakanin gwiwoyinta. Da sassafe ta gama nawa, fatar kaina har lokacin zugi take. Sai na jefa a cikin waƙar cewa akwai wata mai hannun ƙarfe, in ta kama kai sai gira ta koma ƙeya. Gida ya ɗauki dariya, ita ma har da tafa cinya.

Ni kuwa tun ina ƙarama bakina da kaifi, kuma in aka yaba min ban san tsayawa ba. Na ƙara baiti. Wannan karon na kama sunanta, na haɗa da ƙafar hagunta da take ja tun wani ciwo na ƙuruciya, na ce tafiyarta tafiyar agwagwa. Amsa-amon ya zauna daram, abin da ke ba ni haushi ke nan har yau. Ba wanda ya yi dariya sai yaran maƙwabta da ke leƙe ta zaure. Ya Falmata ta ƙarasa kitson, ta yafa mayafinta ta fita. Alhamis uku ba ta tako gidanmu ba.

Iya, kakata, ba ta dake ni ba, da ta dake ni da ya fi min sauƙi. Tana kaɗin zare ta zaunar da ni ta ce, "Na farkon habaici ne, riga kika rataye, wanda ta yi wa daidai ya ɗauka. Na biyun zambo ne, kin kama baiwar Allah a gaban jama'a kin cusa mata." Ta ce tunda bakina ya ɓata, shi zai gyara, in yi wa Ya Falmata kirari. A kirari an yarda a kambama, in ji ta, amma sai an ɗora a kan gaskiya.

Nan na gane ban san matar ba sai hannunta. Kwana biyar ina jan ruwa a rijiya, ina wanke-wanke, ina damun Iya da tambaya. Ashe ita ta karɓi haihuwar rabin yaran unguwa, har da ni. Rana ta shida na je na tsaya a ƙofar ɗakin Ya Falmata, ƙamshin turaren wuta na dukan hancina, na rera mata ba ko gargada. Ta saurara har ƙarshe, idonta ya kawo ruwa, ta ce, "'Yar nan, kin iya, Allah ya yi miki albarka. Amma wancan ya riga ya fita waje."

Ta dawo gidanmu, kitso ya ci gaba. Sai dai duk sanda ta bi lungu tana jan ƙafa, yara na biye da ita da waƙata. Na yi dambe da su har na gaji. Haka suka riƙa yi mata har ta koma ga Mahaliccinta.

Daga baya na zama malama, na yi shekaru ina rubuta habaici da zambo da kirari a allo, kowanne da ma'anarsa cikin layi guda, kuma ban taɓa shakkar abin da nake koyarwa ba. Ɗalibai su kwafa, su ci jarrabawa. Yanzu inji ke niƙa, babu tsakar gidan da za ta yi tsit ta nuna wa yarinya ta wuce iyaka. Kirarin ba wanda ya riƙe, ni kaina rabi na tuna. Bara kuwa na je biki Zaitawa na ji 'yan mata suna gaɗa da zambon, ba su ma san wace ce Falmata ba. Na tsaya a bakin lungu, kunya ta kama ni kamar ranar na yi shi.