Gwiwar Baba da Zakaran Goggo

Jama'a, yau saura ƙiris gwiwar Baba ta hana mu cin nama!

Kun san ya dawo daga Legas, inda aka yi masa aikin gwiwar dama. Da hantsi sai ga Goggo Saratu, yayarsa, daga Maiha, da zakaran dubiya a hammatarta. Duk yankinmu babu irinsa, ya kusa kai tunkiya! Tuni na ɗora ruwan fiɗa.

Goggo ta ce, "Bitrus, nuna mini yankan."

Baba ya naɗe wando. Ɗigo biyu kawai, kamar cizon sauro!

Ya ce, "Adda, sabon aiki ne. Ƙaramin rami suke yi, su zura wani siririn ƙarfe mai fitila, su gyara daga ciki."

Ta ce, "Fitila a cikin gwiwa? Yawonka ka je, maƙaryaci! Ɗauko mini zakarana in tafi, Rifkatu."

Nan na tuna tsohon tabon da babur ya bar wa Baba a hanyar Duvu. Na yi wuf na ɗage masa ƙafar wandon hagu na ce, "Goggo, ga babban ai!"

Ta kurma ihu har Yola aka ji: "Wayyo ƙanena, sun fede ka!"

Baba ya buɗe baki zai yi magana, Mama ta taka masa ƙafa.

Yanzu haka zakara na tafasa, Goggo kuwa tana kuka tana shafa wa gwiwar hagu man shanu!