Manhajar da Ta Ƙi Tashi a Faskari

Shekarun baya, lokacin ina gyaran kwamfuta a Ƙanƙara, wani abokina ya buɗe wurin koyar da kwamfuta a Faskari. Kwamfuta mai ƙarfi guda ɗaya gare shi, sauran duk tsofaffi, har ɗalibai sun fara cewa za su daina zuwa. Ya ji labarin wata manhaja da ke raba kwamfuta ɗaya ta zama da yawa, kowane ɗalibi ya shiga tasa daga tsohuwar da ke gabansa. Sai dai an rubuta ta ne don wani tsarin aiki, wato babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, daban da wanda ke kan tasa, shi kuma duk darussansa a kan nasa suke.

"Za ta yiwu kau?" ya tambaye ni a waya.

Na ce ban sani ba, amma ina son in ga abin da ke hana ta.

Na ɗora irin tsarinsa a kwamfutata, na sauko da asalin rubutun manhajar, na fara haɗawa. Duk kuskuren da ya fito sai in bi shi har tushe. Ashe tana neman fayiloli a inda wancan tsarin ke ajiye su, tana kiran abubuwa da sunayen da namu bai sani ba. Wata rana mahaifiyata ta leƙo ta ce, "Mi kake wa murmushi, kai da ka ce abin ya ƙi?" Na ce, "Jiya tun farko ya ƙi, yau sai da ya yi nisa."

Da ta tashi, na ɗaure ta ƙunshi guda, na sa a filash, na hau mota zuwa Faskari ina ji da kaina. A gaban ɗalibai na danna. Ta ƙi. Na ce wa abokina, "Wallahi a gida tana yi." Wata ɗaliba mai goyo ta ce, "To a ɗauko gidan mana." Aka yi dariya, har da ni.

Da na natsu na gano dalili. A makonnin da na yi ina fama, na zuba wa kwamfutata ƙananan manhajojin da take dogaro da su, ban ambace su a ƙunshin ba. Na bi su ɗaya bayan ɗaya ina sauko da su, sabis na zuwa yana ɗaukewa. Kafin la'asar kowa ya ga tasa ta buɗe.

Daga baya wani malami a Sabuwa ya aiko a ba shi. Na sake ɗaure ƙunshin da duk abin da take dogaro da shi, na ba direba filash ɗin, na zauna jiran ƙorafi. Da shirun ya yi yawa na kira shi. Ya ce, "Ai tun safe muke darasi. Akwai wani abu ne?"

Har yau in na haɗa manhaja, ba na cewa ta kammala sai ta yi aiki a inda ba na nan. Kuma a duk yabon da aka taɓa yi wa aikina, babu wanda ya yi mini daɗi kamar tambayar malamin nan.