Malam Sammani da Ledar da Ƙasa Ke Cinyewa

Kullum da hantsi Malam Sammani yakan jingine kekensa a bayan ɗakin gwaji na wata tashar binciken noma kusa da Kadawa, ya kunna tanda, ya zauna gaban ma'aunin zafi. Shekara ashirin da biyu ke nan. Ƙarshen watan nan zai ajiye aiki. Na tambayi mutum uku sunan muƙaminsa, na samu amsa uku.

A 1985 wata mai bincike, Dakta Saloma, ta kawo wani farin gari da ta ce ƙananan halittu ne ke tara shi a cikinsu. In an narka shi sai ya zama leda, irin wadda ƙasa ke cinyewa, don a riƙa renon tumatir a ciki. Amma ledar takan fito da laushi, bayan kwana goma ta yi tauri ta tsage. Dakta ta ce sassanta ne ke jeruwa a hankali kamar gishiri. Na rubuta, ban gane ba.

Wata biyar Sammani yana sauya zafi, har ya gano cewa in aka mayar da ita tanda ta ɗan ɗumama, tsagewar na raguwa. Na tambaye shi dalili. Ya ce, "Wallahi ban sani ba. Na dai ga ta huce."

Saura gwaji a gona, kuma an ce in ranin nan ya wuce ba a yi ba, za a rufe aikin. Sai wani tafinta ya gaya wa manoman Bunkure cewa ƙwayoyin cuta ne suka yi ledar. Dattijonsu, Baballe, ya miƙe ya dubi Sammani.

"Malam, cuta za mu binne a gona da hannunmu?"

"Baba, nonon furarka wa ya sa shi tsami?"

"Mai nono mana."

"A'a, 'yan'uwan waɗannan ƙwayoyin ne."

"Nonon ma?"

Baballe ya ba da fangali ɗaya na gonarsa, can bakin kwata. Tumatir ya kama, leda ta ɓace. Ya tona bai same ta ba, kuma an ce ya yi mako bai sha fura ba.

Malam Sammani, kai ne mai haƙurin da ya tsaya kan abin da bai gama ganewa ba, bai kuma yi ƙaryar ya gane ba. Ma'aikatanmu su yi koyi da wannan. Mun gode, Allah ya ba da hutu mai albarka. Baballe ya ce a gaya maka fangalin na nan, in ka samu wata cutar ka kawo.