Ranar da Wayar Baƙuwa Ta Zauna a Wurin Kamara

Ko zan manta komai a aikina na haɗa intanet, ban da ranar auren ƙanwata a cocinmu na Kafanchan. Mahaifiyarmu tana kwance a asibiti a Jos, an yi mata aiki a ƙugu, likita ya hana ta tafiya. Ni kuwa da bakina na yi mata alkawarin za ta kalli komai kai tsaye a waya.

Cocin yana da na'urar tsaro, ɗan akwatin da ke gadin intanet ɗinmu. Shi ne kuma ke raba wa wayoyi da kamara adireshi, duk wanda ya fara zuwa shi ake fara ba. Kwamfutar da ke tura hoto kuma ta adireshi kaɗai take gane kamara.

Fastonmu ba ya iya ganin baƙo bai ba shi wani abu ba. Da coci ya cika, sai ya karanto lambar sirrin waifai daga bagade kamar yana karanta aya. Zumuntar mata suka ce amin, kowacce ta zaro waya.

Amarya tana bakin ƙofa aka ɗauke wuta. Aka tada janareta, komai ya dawo, ban da hoto. Sai ga kiran Mama.

"Ɗana, baƙi kawai nake gani. Yarinya na ya shiga?"

Na ce mata ta ɗan jira. Na shiga na'urar, na ga abin da ya faru: kafin kamara ta gama tashi, an ba wayar wata baƙuwa adireshin kamarar. Na ruga wurin shugaban mawaƙa.

"Baba, don Allah ku ja waƙar nan."

"Mu? Ai rage shi ne wahala," in ji shi.

Suna ta maimaita amshi, amarya tana taku kamar mai tsoron ƙasa, ni kuma na kifa kamara na kwafo lambar da ke jikinta. Na cire wayar baƙuwar daga na'urar, na ɗaure adireshin da lambar kamara, ta yadda ko gari duka ya hau waifai ba mai karɓe shi. Na sake kunna kamarar.

Hoto ya fito daidai lokacin da ƙanwata ta iso gaban Fasto. Ta waya na ji Mama ta rangaɗa guɗa, nas tana ba ta haƙuri. Na zauna a ƙasa.

Daga nan ƙasa na hango bencin gaba. Coci ya cika har waje, amma wurin zaman Mama babu kowa, ƙawayenta sun ɗora jaka sun hana kowa zama. Darasin da na ɗauka ke nan, kuma da shi nake aiki har yau: abin da ba ka son rasawa, ka ware masa wurinsa tun kafin jama'a su iso.