Ranar da Na Shiga Aji da Almakashi

Shekarun baya, lokacin da soja ke shirin miƙa wa farar hula mulki, ina ɗinki a wani ɗan shago a Zaitawa. Ban yi boko ba, don haka bayan la'asar nakan je ajin yaƙi da jahilci a zauren wani tsohon malamin firamare. Yawancinmu 'yan dako ne da masu wankin hula. Karatu muka je koya, amma Malam ya fi son ya tsare mutum da tambaya har sai ya yi tunani. Haushinsa nake ji, don ni a lokacin hannuna ya fi kaina sauri.

Siyasa ta shiga tsakanina da wani abokina, wanda muke aji ɗaya. Wata rana aka zo har shago aka ce ya zagi mahaifiyata a majalisa, saboda na ɗinka wa jam'iyyar da ba tasa ba tutoci. Na zura babban almakashina a aljihu, na tafi aji, na zauna daidai bayansa. Ba na jin karatun, ƙeyarsa kawai nake kallo.

Malam ya daina rubutu a allo.

"Tela, fito da hannunka daga aljihu."

Na ƙi.

"Malam, uwata ya zaga."

Malam ya dubi abokina. "Haka ne?"

Ya sunkuyar da kai. "Haka ne, Malam."

Na miƙe tsaye, almakashi a hannu. Malam ya tako ya tsaya a tsakaninmu.

"To, a ce ka soke shi. Sai me?"

"Sai in huce."

"Daga nan fa?"

"'Yan sanda."

"Ka yi tsallake. Wa zai fara shiga gidanku da labarin? Me zai tarar mahaifiyarka tana yi?"

Sai na hango ta a ƙofar ɗaki tana tsintar shinkafa, ga hawan jininta. Na mayar da almakashin aljihu, na zauna.

Malam ya ce, "Kawo mini hanya uku ban da wannan."

Da ƙyar na samo biyu: in kai ƙara wajen mahaifinsa, ko in daina kula shi. Ta ukun abokina ne ya faɗa, murya ƙasa-ƙasa. Ya ce zai je ya durƙusa a gabanta.

Washegari ya je. Ta yafe masa nan take, ni kuwa na sha faɗan kwana uku a wajenta. Abotarmu ba ta koma kamar da ba, gaisuwa ce kawai har yau.

Na daɗe ina ɗaukan fushina a matsayin kishin uwa, alhali ko sau ɗaya ban tuna da ita ba sai da aka tilasta mini. Ta ƙara shekaru masu yawa a duniya bayan wannan. Ni nake kai ta asibiti, kuma ranar da ta cika, kanta yana kan cinyata.