Huseina da Layin Ruwa

Huseina 'yar Malam Mani ta gama kwaleji a Bici a shekarar da fetur ya gagari talaka, ta dawo ƙauye ba aiki. Rijiyar burtsatse ɗaya masu noman rani suke ban ruwa da ita, kullum sai an yi cacar baki kan wa zai fara. Sai ta rubuta manhaja a tsohuwar kwamfutarta, kowa ya aiko saƙo ta waya a ba shi lokacinsa.

Ran nan kawunta Sabo da maƙwabcinsa Ado suka aiko a daƙiƙa ɗaya, manhajar ta ba su safiyar Laraba su biyun. Aka ba hammata iska a bakin famfo.

"Ke 'yar nan, rufe akwatin nan mu huta," in ji Sabo. "Kiɗan Turawan da kike ji ne ya juya miki kai."

"Kawu, a kiɗan nan hannu biyu ke kaɗa fiyano, kowanne da abin da yake faɗa, kuma ba sa karo. Kuskuren nawa ne, ni zan gyara. Ba zan rufe ba."

Kwana uku tana gyara a takarda, don babu wuta. Ta hana manhajar sake ba wani lokacin da aka riga aka ba mutum, kowane saƙo kuma sai ya bi layi, ko da tare suka iso.

Ran Asabar saƙon Sabo ya zo bayan na Ado. Ya zauna yana gunaguni har azahar, sannan ya kunna famfo.