Ƙullin Zare a Gwangwanin Fenti

Baba Mai Fenti ba ya buɗe gwangwani sai ya shafa mariƙinsa da babban yatsa, daga wannan kunne zuwa wancan, a hankali, kamar mai laluben ƙaya a tafin ƙafa. Mu da muke aiki a tashar jirgin fito mun daɗe muna ganin haka. Muka ɗauka ɗabi'a ce irin ta masu sana'a, kamar telan da ba ya yanka sai ya kaɗa almakashi a iska.

Jirgin na ƙarfe ne, yana ɗaukar mutane da babura da buhuna, ya ƙetare ruwa ya dawo. Aikin Baba shi ne ya raba shi da tsatsa. Yana da ɗan ɗaki a bayan inda ake sayar da tikiti, mai ƙofar langa-langa da warin kananzir, buroshi a jiƙe cikin gwangwanayen madara, da benci wanda ba a zama a kansa da farin kaya.

A jirgi ba a cewa hagu ko dama. Idan mutum ya tsaya yana fuskantar goshin jirgi, gefen da ke hagunsa shi ne ɓangaren ja, na damansa ɓangaren kore, daidai da fitilun da ake kunnawa a gefunan biyu. A namu jirgin har ƙarafan dafawa da allunan bayan fitilu ana shafa musu waɗannan launuka, don masu lodi su ji an ce buhuna ɓangaren ja su san inda za su nufa. Baba ne ke koya wa duk sabon ma'aikaci wannan. Yakan tsayar da shi a tsakiyar jirgi, ya juya shi kamar dutsen niƙa, ya ce masa hagunka naka ne, in ka juya ya bi ka, amma na jirgi ba ya juyawa da kowa. Da wannan magana aka san shi, kuma yana jin daɗin faɗarta.

Matarsa, wadda dukanmu muke kira Inna, ita ke kawo masa abincin rana da kanta. Ba ta aiko kowa. Takan shiga ɗakin fentin ta ɗan jima, wai tana kintsa masa wuri. Injiniya, mai kula da injin jirgin, wanda bakinsa ba ya hutawa, ya samu abin yi. Kullum sai ya tambayi Baba ko a kawo masa zanin goyo, ko kuwa Inna tana tsoron kada kifi ya aure shi. Baba sai ya yi murmushi ya ce wanda ba a kawo wa ba shi ke ƙirga kwanon wani.

Abin da ba mu sani ba a lokacin, idon Baba ba ya raba ja da kore. Haka Allah ya yi shi. Tun yana saurayi ya gane, ya kuma gane cewa mai fentin jirgi da bai san ja ba, kamar mahaucin da ke tsoron jini ne. Mutum ɗaya ya faɗa wa, Inna. Ita kuwa duk sanda sabon fenti ya zo, sai ta ɗaura ɗan zare a mariƙin gwangwanin ja, ta yi masa ƙulli. Shekara da shekaru, kintsawar ke nan.

Wata shekara ciwon ƙafa ya kwantar da Inna, 'yarsu ta zo ta tafi da ita gidanta jinya. A makon ne kamfani ya tsayar da jirgin yini guda don gyara, aka kawo fenti a manyan duro, mai kula da sito ya tsiyaya wa Baba a gwangwanaye biyu marasa rubutu. Tambaya ɗaya da ta wadatar. Mai siton yana tsaye a gabansa, yana goge hannu. Amma bakin da ya saba koyarwa yana da nauyin tambaya. Baba ya ɗauki gwangwanayen ya yi godiya, ya jira kowa ya watse, ya yi aikinsa shi kaɗai har la'asar sakaliya.

Da safe muka tarar da jirgi yana ƙyalli, kore a ɓangaren ja, ja a ɓangaren kore. Masu lodi suka tsaya da buhuna a ka. Injiniya ya fara dariya tun daga kan gadar hawa jirgi, yana cewa yau jirgi ya sa riga a bai-bai.

Kyaftin ɗin jirgin ya fito. Tare suka fara aiki da Baba tun suna samari, kuma ba mutum ne mai son a ga bayan kowa ba. Ya dubi ƙarafan, ya dubi Baba, ya ce da murya ƙasa-ƙasa, “Malam, ina jin bayan jirgi ka fuskanta jiya.”

Ƙofa ce ya buɗe masa. Amma ƙofa ce gajeriya, sai an sunkuya. Mutumin da ya juya rabin ma'aikatan tashar a tsakiyar jirgi, yau shi ne zai ce ya rikita gaba da baya. Baba ya kalli silifas ɗinsa. Can ya ce haka ne, tsufa ne. Ya zaɓi kunyar da yake ganin zai iya ɗauka.

Kyaftin ya ce ba komai, a gyara kafin fasinjojin rana, ya sa aka ɗauko gwangwanayen daga ɗakin aka ajiye a gaban Baba. A daren jiya mai shara ya gusar da su, ba a san wanne ke ina ba. Baba ya durƙusa. Yatsansa ya bi mariƙin na farko har ƙarshe. Ya bi na biyu. Ya koma na farko. Murfin a buɗe yake, fentin yana kallon kowa, shi kuwa yana laluben wayar mariƙi.

Dariyar ta mutu da kanta. Wani ya tuna yana da aiki a wajen igiya. Kyaftin ya juya kamar zai tafi, a wucewarsa ya sa gefen ƙafa ya ɗan tura gwangwani ɗaya zuwa ɓangaren ja.

Baba ya ɗauka. Ya kankare, ya shafa ja a inda ja yake zama, tun daga goshi har baya, hannunsa bai karkace ko sau ɗaya ba. Babu wanda ya yi masa magana, babu wanda ya kalle shi kai tsaye, kuma ina jin wannan ya fi dariyar ciwo. Da ya ƙetara ɗaya gefen ya fara shafa kore, sai Injiniya ya hauro daga ɗakin inji. Ya tsaya jim a kan gwangwanin ja da aka bari. Shi ma ya sha ganin zaren nan ba tare da ya tambayi kansa ba. Ya zaro wani zare daga tsumman goge hannunsa, ya sunkuya, ya ɗaura a mariƙin, ya yi ƙulli.

Ya ce, “Baba, kafin Inna ta warke.”

Da kyakkyawar zuciya ya yi. Kowa ya shaida haka, har Baba, wanda ya ce masa Allah ya yi albarka. Sannan ya kwantar da buroshin a bakin gwangwani, ya ce bari ya wanko hannu.

Ba mu sake ganinsa a tashar ba. Kyaftin ya je gidansa ya fi sau nawa, ana ce masa ya fita, alhali silifas ɗinsa na ƙofar ɗaki. Inna ta warke ta dawo. Da aka ba ta labari ba ta zargi kowa ba, ta ce dai da ta sani da ko da rarrafe ta zo. Daga baya Baba ya koma yi wa gidaje farar ƙasa a unguwannin da ke nesa da ruwa, ya yi ta yi har ƙarfinsa ya ƙare.

Ranar da Baba ya tafi Kyaftin ya sa aka gyara allon bayan fitila, don doka ce. Ƙarfen dafawa kuwa ya ce a bar wa Baba. Haka jirgin ya yi ta kai da kawo har damina ta wuce, ɓangaren kore koren ya zo daidai ƙofar hawa ya tsaya, sauran duk ja.